Jabun Sefar da Na Ba Aminin Mahaifina

Ba zan faɗi sunana ba, saboda 'ya'yana sun fara girma kuma ba su da laifi a cikin abin da na aikata. Ni mutumin Daura ne. Mahaifina dillalin shanu ne a kara, har ya koma ga Allah ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi ba. Na yi allo, na yi boko har sakandare. Lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu ina saurayi, ina cikin waɗanda suka yi ta kabbara a kan titi har murya ta dushe. Na faɗi wannan ne don ku san ba jahilci ya kai ni ba. Da sanina na yi.

Bayan rasuwar mahaifina na sayar da rabon gadona, na kafa teburin canji kusa da tasha. Fatake masu tsallaka iyaka ta Kwangwalam su kawo naira in ba su sefa, masu dawowa su kawo sefa in ba su naira. Ribar kaɗan ce, amma da ita na yi aure, da ita nake ciyar da mahaifiyata.

Ana nan sai dala ta yi wuya a ƙasa. Gwamnati ta ƙayyade wanda banki zai sayar wa, daga baya kuma aka ce an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Mu na bakin iyaka abin da muka gani shi ne sefa tana ta hawa, farashin safe daban, na la'asar daban. Ni ina da waya, abokan sana'a na Kano suna sanar da ni nan take. Mutumin ƙauye kuwa sai ya zo ya tambaya.

Wata safiyar Laraba wani manomi daga wajen Mashi ya kawo 'yar sefarsa, ya ce, "Malam, yau yaya take?" A lokacin ba a fi rabin awa da gaya mini ta tashi ba. Na ce, "Tana nan yadda take jiya." Ya karɓa, har da yi mini addu'a. Ranar na kasa cin abincin rana. Da na maimaita sau biyar ko shida, sai na daina jin komai, har na riƙa ce wa kaina ai wannan iya kasuwa ne.

A shekarun ne wani kamfani na 'yan ƙasar waje ya buɗe sito a Daura, yana sayen riɗi da zoɓo yana fitarwa ƙetare. Faɗuwar naira ta sa kayanmu sun yi musu araha, har suka faɗaɗa saye zuwa cikin Nijar. Wakilinsu ya riƙa neman sefa mai yawa a wurina, fiye da ƙarfin jarina. Na shiga tsoron kada manyan 'yan canji su ƙwace mini shi. Maimakon in ce ga iya abin da zan iya, sai na yi ta cika baki.

Cikin wannan hali wani baƙo mai yawan fara'a ya fara zama a bencina. Bayan mun saba, ya nuna mini sefa sabuwa fil, ya ce in gwada bambanta ta da ta gaske. Na juya, na ɗaga a rana, da ƙyar na gane. Ya ce, "Kowane ɗauri ka cusa uku ko huɗu a tsakiya. Wa ke duba tsakiya?" Na ce masa ina tsoron Allah. Ya yi dariya ya tafi. Bayan kwana uku ni da kaina na kira shi.

Kamfanin yana da na'urar tantance kuɗi, don haka su ta gaske nake ba su. Jabun kuwa sai ta koma kan waɗanda suka yarda da ni, waɗanda ba sa dubawa.

Cikinsu akwai Baba Sale na garin Babban Mutum, falken dabbobi, aminin mahaifina tun suna samari. Shi ya yanka ragon sunana. Ana saura wata guda babbar salla ya zo canji zai tafi sayen raguna. Ɗauri biyu ne a gabana, mai tsabta da na ajiye wa kamfani, da mai gauraye. Na miƙa masa mai gauraye. Har na ce, "Baba, ka duba mana." Ya zura cikin aljihun 'yar cikinsa ya ce, "In duba me, ɗana? Hannun ubanka ne wannan."

Bayan kwana huɗu wani direba ya kawo labari. A wata kasuwa ta ƙasar Damagaram mai raguna ya gane kuɗin, jama'a suka rufar wa Baba Sale da duka, dattijo mai furfura, suna ce masa ɓarawo. Jandarmomi ne suka ƙwace shi, aka rufe shi. Na zauna ina jiran a zo a kama ni. Ba wanda ya zo sai babban ɗansa, Lawal. Ya ce, "Na samu na gan shi. An yi an yi ya faɗi inda ya yi canji, ya ƙi. Ya ce in gaya maka ka yi hattara, wani ya cuce ka ya sa maka jabu cikin kuɗinka ba ka sani ba."

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya fitar da shi." Na ba Lawal kuɗin mota, ya yi godiya ya tafi. A duk abin da na aikata, wannan ne ba na iya tunawa ban ji jikina ya yi sanyi ba.

Kuma ban daina ba. Ajalin abin ya zo ne ranar da gaggawa ta sa na rikita ɗaurin, mai gauraye ya tafi kamfani. Na'ura ta tofar da shi. 'Yan sanda suka zo da rana tsaka, suka tasa ni zuwa gida, suka zaro ragowar jabun daga cikin buhun gero a gaban matata da mahaifiyata. Baƙon nan kuwa wayarsa ba ta sake shiga ba. A kotu a Katsina na amsa laifina, alƙali ya ba ni shekara huɗu.

A gidan yari na rubuta wa Lawal gaskiyar abin da ya faru. Bai amsa ba. Daga bakin mahaifiyata na ji sauran: Baba Sale ya yi wata takwas a tsare, jarinsa ya ƙare, kuma yana can matarsa Inna Hajo ta yi jinya ta rasu.

Da aka sake ni, kwana ɗaya na yi a gida na hau mota zuwa Babban Mutum. Na same shi a zaure, ya rame, kunnensa ɗaya ba ya ji tun dukan nan. Na durƙusa na ce, "Baba, da sanina na ba ka." Ya ce, "Ɗaga murya." Dole na sake faɗa da ƙarfi, har na waje suka ji.

Sannan ya ce, "Dukiya da duka na yafe, don Allah, da kuma darajar wanda ya haife ka. Amma Hajo ta yi ta tambaya ko na dawo har ta cika. Ban sallace ta ba. Wannan ban san wanda zai yafe maka shi ba." Ya sa aka kawo mini fura. Na sha ne kawai don kada in ƙara masa wani ɓacin rai.

Yanzu ina auna hatsi a rumfar wani, shi ke riƙe kuɗi, kuma na fi son haka. Ina tuba kullum, ina fatan rahamar Allah.

Ku samari, musamman masu shiga canji da harkar iyaka: kuɗi zai hau, zai sauka, wannan ba a hannunku yake ba. Abin da ke hannunku shi ne amsar da za ku ba wanda ya tambaye ku farashi. Ku faɗa masa na yau. Idan ciniki ya fi ƙarfinku, ku ce ya fi, ku bar shi ya wuce. Idan kuma kun riga kun yi ɓarna, ku faɗa tun wanda kuka jefa a ciki yana da sauran abin da za a ceta. Ni sai da na bari aka yi jana'iza sannan na yi magana.