Mai Keke a Layin Gashi

Mai Keke ake kiranta a unguwa, don tun tana budurwa take kan keken ɗinki, a wani ɗan shago bayan tashar mota. Doguwa ce, mai baki, ba ta auna mutum ba tare da ta faɗa masa inda ya ƙara ƙiba ba. Mijinta ya rasu da wuri, da ɗinkin nan ta raini 'ya'ya uku.

Da jini ya ƙi ɗauke mata, babbar 'yarta ta ja ta asibiti. Likita ta ce kansar bakin mahaifa ce, za a yi mata gashi da hasken na'ura. Kafin a fara aka ɗauki hoton cikinta, aka ɗiga mata alamu a mara don hasken ya riƙa sauka daidai kan ciwon.

"Ashe ku ma sai kun yi awo kuke yanka," ta ce wa mai kula da na'urar.

Da farko lafiya lau. Daga baya gudawa ta sa ta gaba, fitsari kamar barkono, fatar mararta ta yi baƙi tana saɓulewa. Ta rame sosai. Wata safiya ta zauna bakin gado, ƙafa ta ƙi ɗaguwa.

"Mama, mu huta yau," in ji 'yar.

"In na huta, ciwon ma hutawa zai yi? Miƙo min takalmina."

Ta zayyana wa likita komai, ba ta rage ba. Likita ta ce ramar ta sa awon farko ya kauce, hasken yana taɓa hanji fiye da kima. Aka sake hoto, aka sake tsari, aka ba ta magani da man shafawa. Gudawar ta lafa, ko da yake ba ta tafi ba.

A ɗakin jira akwai wata malamar makaranta da kullum tsaye take, ta jingina da bango. Mai Keke ta tambaye ta. Malamar ta ce robar siket ce ke cin ta a kan ƙunar, kuma ita daga yau ta gama zuwa.

Mai Keke ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. A gida ta kasa taka keke, sai ta yanka yadi mai laushi, ta zaunar da 'yarta tana taka mata, ita kuwa tana faɗa. Aka ɗinka siket ba roba, ɗinkin kuma ta waje ya koma. Ta samo gidan malamar ta kai mata da kanta.

"Sa wannan, ƙanwata. Gobe kusa da ni za ki zauna."

Malamar ta zo. Sauran matan layin ma suka ce suna so.

Mai Keke ta kammala gashinta, likita ta ce ciwon ya ja da baya sosai, sai dai ta riƙa zuwa ana dubawa. Ta buɗe shago, rabin wuni kawai take iyawa. Ranar da malamar za ta yi nata na ƙarshe, Mai Keke ta rufe shagon ta raka ta, ta zauna a benci tana yi wa sababbin zuwa bayanin ruwan da ake sha a cika mafitsara kafin a shiga gashi.