Kurar da Sibidu Ta Rasa

Ku matso ku gyara zama, in ba ku labarin Sibidu, mai sayar da wake da shinkafa a unguwar Dapoya ta Wagadugu.

Sibidu ta ba sittin baya, amma dariyarta ba ta tsufa ba. In ta tuntsire, karnukan unguwa sai su shige ƙarƙashin benci. Dariyar nan ce, wata rana a rumfarta, ta tsayar da lomar Drabo, wani saurayi mai haɗa fim ɗin zane na yara. Tatsuniyar zomo da kura yake yi, ya zana kowa ya gama, kura ce kawai ba ta da murya.

Shi ɗan ƙabilar Samo ne, ita 'yar ƙabilar Mosi, abokan wasa ke nan, zagi a wurinsu gaisuwa ce.

"Baiwata," in ji shi, "ashe kurar da nake nema tana nan tana tsamo wake!"

"Bawan gidanmu, ci ka ba ni kwanona. Kura ai a danginku take."

Baki ya faɗi haka, amma zuciya ta yi fari. Kafin mako ya zagayo, duk Dapoya ta san Sibidu za ta shiga fim. Har sabon zane ta ɗinka, ko da yake an gaya mata ba za a ga fuskarta ba.

Ranar ɗaukar murya, da hantsi, Drabo ya zaunar da ita gaban na'ura ya ce ta fara. Sai ta kame.

"Tsaya. Tatsuniya zan yi? Rana na kallona?"

A gidansu an ce wanda ya yi tatsuniya da rana, uwarsa ba za ta ga sabon gero ba. Ita kuwa uwarta, tsohuwa Pogbi, tana nan da ranta, tana cin gyaɗa da haƙori biyu. A ce a bari sai rana ta faɗi, ba hali, domin maƙwabcin ɗakin ɗaukar muryar gidan rawa ne, da magariba ganguna ke fara girgiza bango.

Drabo ya kashe fitila, ya toshe taga da bargo. "To ga dare na kawo miki."

"Wayon Samo ke nan! Ita ranar ka gaya mata?"

Sibidu ta koma gida, kura na ranta, uwa na ranta. Washegari ta goyo tsohuwar a babur, wai ta zo ta yafe mata da bakinta.

Pogbi ta saurari kowa, ta murguɗa baki. "Kada ki kuskura. Ina da sauran tuwo a duniya." Sai ta juya ga Drabo. "Amma ni tawa uwar ta rasu tun ba a zuba kwalta a garin nan ba. Kai bawa, a ina ake sa baki?"

Ta saki dariya ɗaya, Drabo ya fizge abin sauraro daga kunnensa. A nan Sibidu ta gane inda ta gaji tata, kuma ashe guntu aka ba ta.

Fim ya fito. Yanzu in kura ta yi dariya a talabijin ɗin rumfarta, Sibidu takan nuna da ludayi: "Uwata ce. Ta ƙwace min kura, amma ga ta can tana cin gyaɗa."

Sai dai da rana ake nuna shi. To ku gaya min, alhakin uwar wa ke wuyan talabijin?