Lemun Cikin Duro

Mai Kango ake ce masa, kuma ko kusa ba ya jin haushin sunan. Asalinsa kafinta ne, gwanin rufin kwano. Wata rana aka kira shi duba rufin wani tsohon gida da magada suka gaji da shi. Ya hau, ya tarar katakon lafiyarsa ƙalau, kwanon ne kawai tsatsa ta cinye. Da ya sauko, maimakon ya yanka kuɗin aiki, sai ya tambayi kuɗin gidan. Ya sayar da babur ɗinsa da wani ɗan fili da ya gada, ya kwashi matarsa da jaririyarsu, suka tare a ɗaki guda da ba ya yoyo. Wata bakwai yana gyara, ya sayar, ya ga ribar da guduma ba ta taɓa ba shi ba. Daga ranar idonsa ya buɗe.

Mutumin yana da dokokinsa. Ba ya sayen gida sai ya gan shi ana tsuga ruwa, don a ranar ce rufi da magudana suke faɗin gaskiya. Ba ya gyaran gida daga nesa, sai ya shiga da iyalinsa, wai ba ka sanin ciwon gida sai ka kwana a ciki. Ta ukun kuwa ita ce mai zafi: ba a kafa masa ƙusa a bangon da ya yi wa fenti, kada mai saye ya ga tabo. Madubin auren Uwargida, dogo mai bakin katako, shekara ashirin da biyu yana jingine a ƙasa, sai ta sunkuya take ɗaura ɗankwali.

Gida goma sha ɗaya suka zauna a haka. Su shiga ana tara bokiti a tsakar ɗaki, su yi watanni suna shaƙar siminti, ranar da fenti ya bushe kuma sai ga dillali da sallama. Yaran gidan, tun ba su iya karatu ba, sun san warin fenti na nufin a ɗaure kaya. Biyu daga cikin gidajen bai sayar ba, ya zuba 'yan haya. Uwargida takan leƙa su, ta ga tayil yana ƙyalli, famfo ba ya ɗiga, ta dawo ta tsallake buhunan yashi.

"Maigida," in ji ta wata rana, "don Allah ko akwai ɗakin haya a gidajen nan naka? Ina da mai tsaya mini."

Ya yi dariya har da tari. "Ki ƙara haƙuri, Uwargida. Wannan ne na ƙarshe."

Tun a gida na biyar yake faɗin haka, har ta daina ɗago kai.

Abu ɗaya ne nata na kanta a duk yawon nan. A gida na biyu ta dasa gwaiba, aka sayar da gidan tana fure. Abin ya ƙona mata rai, don haka a na uku ta sa aka raba mata duro biyu, ta cika rabin da ƙasa, ta dasa lemun tsami. Duk tashi, shi ake fara ɗorawa a mota. Ya rayu dai, amma a tsumbure, a shekara bai fi ya ba da 'ya'ya biyar ko shida ba.

Gida na goma sha biyu ya ba Mai Kango wuya. Bangon baya ya tsage tun daga tushe, aikin ya ci damina biyu. Uwargida ta ajiye duronta kusa da famfon bayan kicin. Can cikin shekara ta biyu lemun ya miƙe, ya yi duhu, ya zuba 'ya'ya har maƙwabta na aiko da kwano. Mai Kango bai lura ba, shi idonsa na kan silin.

Fenti na bushewa dillali ya kawo wani likita. Likita ya zagaya sau ɗaya, ya taya da farashin da ya sa Mai Kango cire hula ya mayar. Aka tsayar za a sa hannu ran Asabar da yamma, da safiyar ranar kuma a kwashe kaya zuwa kango na goma sha uku.

Ran Asabar Uwargida ta tashi tun asuba. Ta jawo kwalayenta na kullum, waɗanda ba ta taɓa yarwa, kowanne da rubutun abin da ke shiga ciki. Kafin rana ta ɗaga ta gama. Saurin nan nata ya taɓa shi, don bai taɓa tsayawa ya kalla ba sai yau.

Masu ɗaukar kaya huɗu suka kama duro. Suka yi nishi, ko motsi. Suka sake, shiru. Babbansu ya durƙusa ya leƙa, ya ce, "Maigida, ai gindin ya ruɓe. Saiwa ta huda ta shige ƙasa, kaurinta ya kai hannuna. A miƙo adda mu datse."

Mai Kango ya san itace. Ya san in aka datse wannan saiwar, lemun ba zai kai wata ba. Ya dubi matarsa.

"Ku datse," ta ce, "kada mota ta yi ta jira." Ta juya baya, ta shiga tsinke 'ya'yan tana zubawa a kwano, har da ɗanyun da ba su isa tsinka ba.

Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya gyara wa mutum goma sha ɗaya wurin zama, matarsa kuwa har bishiyarta ta riga ta samun nata.

"Dakata da addar nan," ya ce. "Miƙo mini almakashin kwano, yana cikin jakar aiki."

Ya durƙusa, ya yanka duron daga baki har gindi, ya ɓare shi ya jefar gefe. Ya turo baro biyu na ƙasa ya rufe saiwar, ya daddanna da ƙafa. Sannan ya ce a sauke duk abin da aka ɗora.

Dillali ya iso yana haki. "Haba Mai Kango! Likita fa? Me zan ce masa?"

"Ka ba shi haƙuri. Ka kai shi ya ga na sha ukun, in ya yi masa, nan da wata takwas ya tare. Daga nan zan riƙa zuwa aiki, kamar kowane ma'aikaci."

Uwargida na tsaye da kwanon lemu, hawaye na zuba, tana kuma dariya. "Kwalayen fa, Maigida?"

"A ba mai shara."

Ba ta yarda da baki ba, ta sha jin irinsa. Ta shiga ciki, ta kinkimo madubin nan, ta tsaya a gaban bangon falo mai sabon fenti. Ta miƙa masa guduma da ƙusa 'yar inci huɗu, ta nuna wuri daidai tsayinta.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana kafa ƙusa, ranar da ya buga wannan sai ta shiga a karkace, har fenti ya ɓantare. Ya kai hannu zai zare ya gyara, ta riƙe shi.

"Bar ta haka," ta ce. "Wa zai zo dubawa?"