Koren Ƙwai a Tagar Inna

Ni ce 'yar fari a wajen Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana son in zo sai ta ce "ke", in tana ba wani labarina sai ta ce "waccan". Kunyar ɗan fari ce, kuma a gidanmu na Gure Inna ta riƙe ta hannu bibbiyu. Ƙannena tana jawo su jikinta, ta yi musu tsifa tana 'yar waƙa. Ni kuwa ko zazzaɓi ya kayar da ni, sai dai ta aiko ƙanwata da kunu, ita ta tsaya daga bakin ƙofa tana tambayar bango ko an sha. Na girma ina ce wa kaina ban damu ba. Ƙarya nake, na damu ƙwarai, kuma har na yi aure ina jiran ranar da za ta nuna mini da wani abu cewa ina ranta.

Da na gama lakwal, makarantar boko, na tafi Yamai, na samu aiki a wani butik da ake sayar da fitilun ado na gida. Nan na koyi abin da ya kumbura mini kai. Na koyi cewa ba a haɗa farin haske da ja-ja a ɗaki guda, cewa in ƙarfen fitilar tsakiya ruwan zinariya ne to na bango ma su bi shi, cewa babba ɗaya a sama, ƙanana biyu a gefe, su yi daidai da juna. Matan manya na zuwa da hoton falonsu a waya, ina zaɓa musu, suna yaba idona. Duk gidan da na shiga, kafin in gaida masu gida na riga na gama yi wa fitilunsu hisabi a zuciyata.

To, ɗakin Inna shi ne ciwon idona. Fitila huɗu ne a ciki, kuma babu wadda ta san 'yar uwarta. Akwai dogon farin ƙwai a bangon gabas, mai ƙugi kamar sauro. Akwai ja-ja da marigayi Baba ya rataya da doguwar igiya a kan inda yake zama ya yi karatu, ya huda tsohon murfin kwano ya yi masa hula. Akwai wata 'yar fitila mai furannin roba da goggonmu ta kawo tsaraba daga aikin hajji. Sai na huɗun, wani ɗan koren ƙwai, bai kai ƙwan zabuwa ba, yana zaune a cikin ƙaramar tagar da ke kallon lungu, makunninsa na reto kusa da tabarmar Inna. Shekara da shekaru ina zuwa gida hutu, ban taɓa ganinsa a kunne ba ko sau ɗaya. Na yanke wa kaina hukunci cewa ya daɗe da mutuwa, an dai rasa mai cire shi.

Wata shekara kafin babbar salla na ɗauko kwalaye uku a kar, babbar motar fasinja, na yi musu rakiya tun daga Yamai kamar amarya, kowace tasha sai na sauka na duba ko an danne su da buhu. Na kira magini da mai gyaran wuta. Na ce a sauke duk huɗun. Fitilun bangon da na kawo guda biyu ne, kuma don su zauna daidai da juna dole ɗaya ta hau inda ƙaramar tagar nan take. Na ce a toshe ta, ai akwai babbar taga ta cikin gida, iska ba za ta yanke ba.

Inna tana tsakar gida tana saƙa faifai lokacin da mai gyaran wuta ya miƙa hannu cikin tagar. Na ga hannunta ya tsaya da kaba a ciki. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan ƙaramin ai ba ya tare wa kowa hanya."

Na ce, "Inna, mataccen ƙwai ne fa. Zai ɓata sauran."

Ta ci gaba da saƙarta. Da aka gama aka kunna, ɗakin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Haske iri ɗaya, mai taushi, ya bi jeren kwanukanta har suna ƙyalli. Ƙannena suka yi ta ɗaukar hoto. Inna ta shigo ta ɗaga kai, ta sa albarka, ta ce Allah ya ba masu yi wa iyaye hidima masu yi musu. Ko a nan ba ta ce ni ba, amma na koma Yamai ina jin na yi abin kai.

Akwai wani abu da na saba da shi a Gure har na daina lura. Duk ranar da na iso, ko ban gaya wa kowa ba sai Inna, nakan tarar da kwanuka jere a ƙofar ɗaki. Matar tela ta aiko da dabinon Gidigir, gidan liman sun aiko da dambu, wata tsohuwar Bafulatana mai tallar nono, wadda danginta ke kiwo a wajen Bune, ta bar ƙwarya guda da man shanu yana yawo a kai. Ni a tunanina farin jini ne da ni. Zuwana na farko bayan gyaran ɗaki, na sauka daga kabu-kabu na tarar da ƙofa wayam. Babu dabino, babu dambu, babu ƙwarya. Na ji haushi, har na fara lissafa wa zuciyata wanda na ɓata wa rai a unguwa.

Washegari da hantsi mai nonon ta biyo lungu da ƙwaryarta a ka. Da ta gan ni a zaure sai ta riƙe haɓa, ta ce yaushe a gari. Na ce jiya, na ƙara da tsokanarta cewa ta yar da ni, ko ɗigon nono ban gani ba. Ta sauke ƙwaryar a hankali, ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, da me za mu sani? Ke kika toshe tagar."

Ban gane ba, sai da ta zauna ta warware mini. Ta ce tun shekarar da na fara tafiya Yamai, duk ranar da na yi waya na ce na kamo hanya, Inna takan kunna koren ƙwan nan. Yana kunne ina Dosso, yana kunne ina Maradi, yana kunne ina Damagaram, ita kuma tana zaune a gindinsa da carbi, ba ta zuwa suna, ba ta zuwa kasuwa. Sai ta jiyo ƙarar kabu-kabu tun kafin ya shigo lungu, ta miƙa hannu ta kashe, ta jawo faifanta kamar mai aiki tun safe. Ranar komawata ma haka, ina fita zaure take kunnawa, ba ta kashewa sai na kira ƙanwata na ce na sauka lafiya. Duk lungun sun san wannan. In yara sun ga kore a taga sai su ruga gida su ce ta Yamai tana hanya, a ɗora tukunya. Ni kaɗai ce a duniya ban taɓa ganinsa ba, domin ba a kunna shi sai ba na nan.

Na tambaye ta jiya fa, da babu tagar, me Inna ta yi. Ta ce ta leƙa da azahar ta same ta zaune a wurin dai, tana fuskantar bango, fitilata mai ruwan zinariya a saman kanta a kashe.

Na shiga bayan gida na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito. Na so in je in faɗa jikin Inna in ce ta yafe mini, amma na san in na yi haka na tona abin da ta shekara goma sha tana rufewa, kuma kunyar za ta fi mata toshe tagar ciwo. Sai na bi ta hanyarta. Na ce da ƙanwata, da ƙarfi yadda za a ji a tsakar gida, ɗakin nan ya yi zafi tun da aka rufe ƙaramar taga, kuskure na yi, a kira magini. Inna ta ce ita ma ta lura da zafin. Aka fasa bangon, aka sauke fitilar bango ɗaya, ɗayar ta rage ita kaɗai a karkace kamar mai ido ɗaya. Da mai gyaran wuta ya tambaya ko a sayo sabon ƙwai, ƙanwata ta shiga ta buɗe kwallar Inna ta ƙasa a jeren kwanuka, ta fito da koren a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Har ja-jan Baba da hular kwanonsa yana ciki. Na ce a mayar da shi ma. Ɗakin ya koma haɗin gambiza, kore da ja-ja da ruwan zinariya, irin wanda in a butik ne zan yi wa mai shi dariya.

Ranar da zan koma, na yi sallama, Inna ta ce a gaida mutanen can, idonta a kan kaba. Na fita na hau kabu-kabu. A bakin lungu na ce ya dakata. Taku goma baya kawai zan yi in ga tagar. Na daɗe a zaune, mai babur yana ta murza hannu, sannan na ce mu tafi. Na ga kamar leƙe ne, kuma na ɗauka akwai sauran lokaci.

Damina biyu bayan haka ƙanwata ta kira ni da sassafe, ta ce jikin Inna ya tsananta, in taho. Na samu kar ɗin farko. Muna tsakanin Maradi da Damagaram na yi ta kira ba a ɗauka, na ce wa kaina rashin rezon waya ne. Na kwana a tashar Damagaram, na samu motar Gure da rana ta ɗaga, na iso bayan la'asar.

Tun daga bakin lungu na ga tabarmi a ƙofar gida da maza zaune, na san abin da ya faru. Amma ba su na tsaya kallo ba. Da muka matso, a cikin ƙaramar tagar, a inuwar bango, ɗan koren ƙwan yana ci. Ashe haka haskensa yake, ɗan kaɗan ne, bai ma kai ƙasa ba. Kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, ya kashe inji, koren bai mutu ba.

Ƙanwata ta tarye ni a zaure. Ta ce an kai Inna tun da safe. Ta ce jiya, da ta gaya mata na shiga mota, hannunta ya kasa kaiwa ga makunnin, sai ta ce, "Kunna mata." Daga nan ba ta ƙara wata magana ba sai salati.

Na shiga ɗakin, mata suka matsa mini. Na zauna a kan tabarmarta, makunnin yana reto daidai kafaɗata. Wata daga cikin maƙwabta ta ce a hankali, tunda na iso ai sai a kashe. Na ce a bar shi tukuna.