Hannun da ban sauke ba

Shekarun baya, lokacin da tumbi bai fito mini ba kuma gwiwoyina ba su fara ƙara ba, ni ɗan tseren keke ne. Ko dai in ce haka nake kiran kaina. Ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma, na sayi keken tsere ɗan gwanjo mai siririyar taya, na samo hular kwano da wani matsattsen wando wanda mahaifiyata ta ce in na sake gilmawa ta ƙofar ɗakinta da shi sai ta saɓa mini. Daga ranar nake ɗora dogon wando a kai, sai na fita gari in tuɓe.

Mu biyar ne muke atisaye, a ƙarƙashin wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa wanda ya yi tsere a ƙuruciyarsa. Baba muke ce masa. Duk Asabar da Lahadi, da rana ta fito, sai mu kama hanyar Kurfi mu je mu dawo, shi kuma yana biye da mu a babur yana zaginmu. A lokacin hanyar da sauƙi, mutum na iya fita da safe ba tare da gabansa na faɗuwa ba.

A cikin biyar ɗin akwai abokina, magini ne, tare muka taso a unguwa ɗaya. Ni na jawo shi harkar. Ni na ara masa keken da ya fara hawa, ni na koya masa yadda ake sunkuyawa a kai, har dariya nake masa don ranar farko ko rabin hanya bai kai ba ya sauka ya yi amai a gindin wata bishiyar bedi. Wata shida bayan haka sai ga shi yana wuce ni a hawa yana fito. Mutumin da ya wuni yana hawa tsani da bulo a ka, ashe ƙafarsa ba irin ta mai riƙe alli ba ce. Na yi ta yi masa murna a baki, a zuciya kuwa abin yana ci na.

Ga wanda bai san harkar ba, a tseren keke iska ce babbar abokiyar gaba. Shi ya sa ake jeruwa, na gaba ya fasa iska, na baya ya laɓe a bayansa ya huta. Tsakanin tayarka da ta na gabanka bai wuce tafin hannu ba, ga shi ana gudu kamar an koro ku. Na baya ba ya ganin hanya sam, bayan ɗan'uwansa kawai yake kallo. Don haka akwai doka guda: in na gaba ya hango rami ko dutse ko akuya, sai ya sauke hannu ya nuna gefen da abin yake tun kafin ya kauce. Baba yana yafe komai ban da wannan. Yakan ce, "Na gaba shi ne idon na baya. Wanda bai iya sauke hannu, tau ya sauka daga keken ya ba mu wuri."

Shekarar da nake ba ku labari aka sa wata gasa ta masu sha'awa irinmu a Katsina, ba wata babba ba, amma a wurinmu kamar duniya ce gaba ɗaya. Saura mako uku Baba ya tara mu a rumfarsa ya ce a gasa ba kowa ke neman na ɗaya ba. Mutum guda za a yi wa aiki, sauran su fasa masa iska har kusa da ƙarshe, sannan su ba shi hanya. Na gyara zama, don ni ne na fi kowa daɗewa. Sai ya nuna abokina.

"Kai kau Malam," ya ce da ni, "kana da tsawo, kana da faɗin baya. Allah ya yi ka katanga. Kai za ka ja shi."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Abokina ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, in na ci kofin, ɗakinka za ya kwana." Na ce Allah ya sa. Na koma gida ko tuwo ban iya ci ba, ina ta maimaita kalmar katanga a raina.

Asabar ɗin da ta biyo baya kaka ce sosai. A irin wannan lokaci manoman bakin hanya kan shanya amfaninsu a gefen kwalta, wake ko masara ko barkono, don nan ne wuri mai tsabta mai zafi. Sai su jera manyan duwatsu a gefen shanyar don kada mota ta taka. Kowa a yankinmu ya san da wannan, mu ma mun sani, kullum muna wuce su.

Baba ya ce mu biyu mu yi gaba mu gwada abin da za mu yi ranar gasa, sauran su biyo mu a hankali tare da shi. Na shiga gaba na fara ja. Na ja da dukkan abin da Allah ya ba ni, da niyyar in gajiyar da shi ya saki tayata, in isa Kurfi ni kaɗai, Baba ya ga wane ne katanga. Amma ina jin numfashinsa a bayana daidai wa daida, ko haki ba ya yi. Har ya samu bakin cewa, "Haka nan Malam, ƙara wuta!"

Mun wuce wajen Birchi kaɗan, bayan wata 'yar kwana, na hango shanyar wake da duwatsu a jere, ɗaya ya ɗan shigo cikin kwalta. Na hango shi da wuri, wannan ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ina da lokacin sauke hannu har sau uku. Abin da ya zo mini a rai shi ne in bari sai na zo daf in kauce, shi kuma ya firgita ya danna birki, kafin ya dawo hayyacinsa na ba shi rata. Wallahi iyakar abin da na nufa ke nan. Na riƙe kan keken da hannu biyu na kauce.

Bai samu damar taɓa birki ba. Na ji ƙarar ƙarfe, na ji wani abu ya daki kwalta, sannan shiru. Da na juyo, kekensa yana can cikin gona tayar gaba ta nannaɗe, shi kuma yana kwance cikin wake, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Bai yi ihu ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ƙafata hwa." Na durƙusa na riƙe kansa ina salati har su Baba suka iso.

Mai shanyar wani tsoho ne, ya fito daga gona da gudu yana "Innalillahi". Kafin ka ce kwabo an taru a kansa. Wani cikinmu ya ci kwalarsa yana cewa hanyar ta gadon ubansa ce? Tsohon ya cire hula yana ba da haƙuri, yana rantsuwa ba shi ya turo dutsen cikin kwalta ba, halan mota ce ta ture shi. A cikin hayaniyar Baba ya jawo ni gefe ya tambaye ni a hankali, "Ka nuna mashi?"

Na ce, "Kwana ce Baba, ban gani ba sai da na zo kai."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah ya kyauta.

Ƙashin cinya ne ya karye, kusa da ƙugu. Aka kai shi asibiti, aka yi maganar aiki, danginsa suka ji tsoron wuƙa suka ɗauke shi zuwa wurin wani mai ɗori a wani ƙauye wajen Barkiya. Ba zan ce ga wanda ya yi daidai ba. Abin da na sani shi ne ya yi wata huɗu a kwance, da ya tashi ƙafar ta gajarce, kuma ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata. Magini da ba ya hawa tsani ya tashi daga magini. Daga baya wani yayansa mai sayar da hatsi ya ba shi wuri a rumfarsa, yana zaune yana awo.

Gasar kuwa, ni aka yi wa aiki. Mutum uku suka fasa mini iska har harshensu ya fito, na zo a cikin na ƙarshe-ƙarshe, wani dattijo mai furfura ma ya riga ni. Abin da na karya ƙafar mutum a kansa ke nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yabo. Duk Juma'a ina hawa babur in je duba shi, in kai masa lemo da ayaba, in taya shi hira. Mahaifiyarsa takan riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, ko ciki ɗaya kuka fito sai haka. Allah ya ba ka masu yi maka." In ce amin Inna, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ma tsohon mai wake bai daina zuwa ba. Ya zo da kaza, ya zo da kwanon wake, ya zauna a bakin ƙofa ba ya yarda ya hau tabarma. Ina zaune ina kallonsa yana neman gafarar laifin da ni na yi, ban taɓa buɗe baki ba.

Haka aka shekara biyu. Ran nan aka aiko cewa tsohon ya rasu, abokina ya ce lallai sai mun je gaisuwa. Na goya shi a babur muka tafi. A wurin zaman makoki babban ɗan mamacin ya gane shi ta tafiyarsa, ya matso ya ce, "Kai ne mai keken? Tsoho har ya cika yana zancenka. Tun ranan nan bai ƙara shanya bakin hanya ba, ko da wake za ya ruɓe. Ya ce in mun gan ka mu ƙara roƙon mashi gahwara." Abokina ya ce ai tun a ranar ya yafe, ƙaddara ce, Allah ya jiƙan tsoho.

A hanyar dawowa, da muka zo daidai kwanar, na tsayar da babur na kashe. Ya ce lafiya? Na sauka na tsaya a gabansa na faɗa masa komai, ban rage ko kalma ba. Na ce na ga dutsen da wuri, na ce da gangan na ƙi sauke hannu, na faɗa masa dalili. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro, motoci suna wucewa ana kallonmu. A raina na shirya wa mari, na shirya wa zagi, har wani sashe na zuciyata yana sa ran ya rungume ni.

Bai yi ko ɗaya ba. Yana zaune a kan babur ɗin, ya dubi ƙafarsa. Sannan ya ce, "Na yahe maka Malam, duniya da lahira. Amma da ka bar ni yadda nike. Shekara biyu ina kwana lahiya, ina cewa Allah ne ya so ni da haka. Yanzu ka sauke kayanka ka ɗora mani. Tada babur mu tahi gida."

Na tada babur muka kama hanyar Dutsin-Ma. Da can in na goya shi kafaɗata yake dafawa, ranar ƙarfen baya ya riƙe.

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, mahaifiyarsa har ta koma ga Allah tana sa mini albarka. Bai kuma yanke gaisuwa ba. In na bi ta rumfar zai amsa sallama, ya tambayi iyali, ya ce a gaida yara. Sai dai bai ƙara matsawa ya ba ni wuri a benci ba, ni ma ban ƙara neman zama ba. Kekena kuwa na bayar da shi tuntuni.

Mutane kan ce faɗin gaskiya yana kawo sauƙin zuciya. Ni dai ban samu ba, kuma har yau ban san ko don shi na faɗa ba ko don kaina. Tsohon da ya fi kowa cancantar jin maganar, na bari sai da aka binne shi. Abin da na koya kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi: in mutum ya yarda ya rufe ido ya biyo bayanka, ba ka da ikon yin wasa da shi ko na ƙiftawar ido, komai haushin da kake ji.

Makon jiya na je sayen gero na tarar da shi shi kaɗai a rumfar. Ya auna mini, ya cika kwanon har yana zuba kamar yadda yake yi wa kowa, ya ƙulle bakin buhun. Na tsaya ina neman abin da zan ƙara cewa. Ya ɗaga kai ya dubi wanda ke bayana ya ce, "Alhaji, kwano nawa?"