Minti Goman Kawu

Kawu, mai kula da kwamfutocin ofis, mutum ne da makara ta zame wa jiki. Maganin da ya samo shi ne tura kowane agogo gaba da minti goma: na hannunsa, na falo, har na motar matarsa. Ranar da aka kawo babbar kwamfutar da ke tantance ma'aikata, hannunsa ya yi abin da ya saba.

Da aka haɗa ofishin da sabon reshe, sai wannan kwamfutar da ta reshen suka ƙi yarda da juna, domin idan agogonsu ya saɓa fiye da minti biyar, kowacce sai ta ɗauki 'yar'uwarta baƙuwa. Kwana uku Kawu yana ɗora laifin kan injiniyar reshen, har ya ce a gaban shugaba, "Yaran yanzu, sai takarda."

Ta zo da kanta, ta gaishe shi, ta ajiye wayarta kusa da allonsa. "Kawu, dubi lokaci."

Ya duba, sai ga agogon kwamfutar ya yi gaba da minti goma. Ya gyara, komai ya buɗe. Abin da har yau yake cin sa, da shugaba ya tambaya, cewa ta yi, "Kawu ne ya gano."