Kafiretar da ta sauka daga Jamus

Jiya na shiga garejin Malam Hamadu bakanike ina taƙama, na dire masa kafireta.

Wata biyar tsohon babur ɗin marigayi babana yana jingine saboda rashin kafireta, har garin Poli na je nema ban samu ba. Sai wani ɗan kasuwa a nan Garwa ya rantse mini wannan daga Jamus ta sauka, na saya.

Malam Hamadu ya jujjuya ta, ya ce, "Alhaji, wannan waldar ai ni na yi ta. Taka ce da ka jefar watannin baya, wanke ta kawai aka yi."

Abin haushin, yana ɗaura ta, bugu ɗaya babur ya tashi.

Jama'a, rigima zan koma yi wa ɗan kasuwar nan, ko godiya?